Layinka Shi Ne Makullin Asusunka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Satar Lambar Waya

Lambar waya ta daɗe da wuce abin kira da amsa gaisuwa. Da ita aka buɗe maka asusun banki, ita ce manne da BVN da NIN ɗinka, ta kanta alat ke shigowa, da ita kuma WhatsApp ya san ka. Mai albasar da ke lodi zuwa Kudu, da dillalin shanu a Kara, da malamar firamare da ke jiran albashi a unguwar Mabera ta Sakkwato, duk dukiyarsu a rataye take da lambobi 11. Banki ba ya ganin fuskarka da tsakar dare, layin da saƙo ya fito kawai yake gani. Duk wanda layin ke hannunsa, a wurin na'ura shi ne kai.

Mene ne satar layi? Ba ita ce satar waya ba?

Satar waya hanya ɗaya ce daga ciki. Abin da ɓarawo ke nema shi ne kira da saƙonnin da aka aiko wa lambarka su riƙa sauka a hannunsa, kuma akwai ƙofofi da dama da yake bi.

Akwai walkam bak na ƙarya. Shi walkam bak a asalinsa halal ne: layinka ya ɓace ko ya lalace, ka je ofishin kamfani a ba ka sabon sim ɗauke da tsohuwar lambarka. Da sabon ya tashi, tsohon ya mutu, domin lamba ɗaya ba ta zama a sim biyu. To ɗan damfara sai ya je a matsayin kai, ko ya sami baragurbin wakili ya yi masa aikin a bayan fage. Wayarka na aljihunka, sim na cikinta, amma lamba ta yi hijira.

Akwai wadda ba ta buƙatar wata dabara: a zare maka waya a cunkoson Babbar Kasuwa ko a turmutsitsin ɗaurin aure, a cire sim a saka a wata wayar. Makullin fuskar waya, na zane ne ko na yatsa, wayar yake karewa, ba ruwansa da sim. A ganinmu wannan ce ya kamata mutumin Sakkwato ya fi jin tsoro, don ita ce mafi arha ga ɓarawo.

Sai tsohon layin da ka yar, kamfani ya sake sayar wa wani alhali bankinka bai sani ba. Sai kuma karkatar da kiranka zuwa wata lamba, ko mayar da layin gaba ɗaya zuwa wani kamfanin. Wannan sauya sheƙar an fara ta a Najeriya a 2013, kuma tana buƙatar a tura kalmar PORT zuwa 3232 daga layin kansa. Shi ya sa aron waya na minti biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Kada wani ya ɗauka rashin boko ne ke jawo wannan. A 2019 ta hanyar ƙwace layi aka shiga shafin Jack Dorsey a Twitter, lokacin kuwa shi ne shugaban kamfanin.

Bai san lambar sirrina ba. Ta yaya layi kaɗai zai kai shi ga kuɗina?

Ba sai ya sani ba, sabuwa zai yi. Ga yadda igiyar take jan juna.

Alat na farko da ya shigo zai gaya masa sunan bankinka da abin da ya rage a ciki. Lambar *565*0# da aka tanada don mai layi ya ga BVN ɗinsa, da *346# ta ganin NIN, ba su san wanda ke danna su ba. A manhajoji irin su OPay da PalmPay ma, lambar asusun yawancin mutane ita ce lambar wayarsu idan an cire sifilin farko. Daga nan sai ya shiga inda aka ce "na manta lambar sirri", a turo OTP, wato lambar tabbatarwa mai aiki sau ɗaya, ta saƙon tes, saƙon kuwa wurinsa zai je. Abin da ya rage masa bai wuce ranar haihuwa ko wasu lambobin katin ATM ba, ya danganta da banki. A nan ne wata ɗabi'armu take yi masa hidima: mutum ya cusa katin ATM da takardar NIN a bayan rigar waya, wai don kada su ɓace. An haɗa wa ɓarawo ƙofa da makulli a leda ɗaya ke nan.

Ko asusun ba komai, ba ka tsira ba. Ana iya cin bashi da sunanka a manhajojin ba da rance, sai bayan wata guda masu bin bashi su fara kiran danginka.

Ta yaya zan gane an ɗauke min layi, tunda sabis dama yana ɗaukewa?

Tambayar na kan hanya. Mutanen gabashin jihar Sakkwato sun san zama ba sabis, musamman a 2021 da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 saboda matsalar tsaro. A Illela kuma waya kan kama layin Nijar ta saki na gida. Don haka ɗaukewar sabis kaɗai ba hujja ba ce. Gwaji ne zai raba gardama, kuma ba ya cin minti biyar.

Dubi wayar wanda ke kusa da kai mai irin layinka. Idan nasa na da sabis naka babu, kashe wayar ka kunna. Idan bai dawo ba, cire sim ka goge shi ka saka a wata wayar. Har yanzu shiru? Karɓi wayar wani ka kira lambarka. Idan ka ji tana ringin alhali taka ba ta motsa ba, ko wani ya ɗauka, magana ta ƙare: lambar tana wani hannu.

Akwai alamomin da kan riga wannan zuwa. Saƙon da ke cewa an nemi canza sim ɗinka alhali ba kai ka nema ba. OTP ya shigo ba ka taɓa komai ba. Ko wata baƙuwar lamba ta dame ka da kira da fulashin har ka gaji ka kashe waya, wanda dama abin da ake so ke nan, don kada ka lura da lokacin da sabis ya tafi. A ƙara sa ido da yammacin Juma'a da jajiberin Sallah: rassan banki za su kasance a rufe kwana biyu ko fiye, ɓarawo kuwa ya san kalanda.

Na tabbatar an ɗauke, ko an sace wayar. Me zan fara yi?

Banki tukuna, kamfanin waya daga baya. Mutane da yawa kan juya wannan tsarin, su hau kabu-kabu su nufi ofishin layi su bi dogon layi, kuɗi kuwa na fita a wannan sa'ar. Tiransifa tsakanin bankuna daƙiƙu take ɗauka.

Bankuna da dama suna da lambar rufe asusu da ake dannawa daga kowace waya, ba sai taka ba. Ta Access ita ce *901*911#, Zenith *966*911#, UBA *919*911#, First Bank *894*911#, Fidelity *770*911#, ta GTBank kuma *737*51*74#. Za a nemi lambar wayar da ke kan asusun ko lambar asusun, wani bankin har da PIN. Rufewar tana hana kuɗi fita, kuma galibi sai ka je reshe da kanka za a buɗe. Lambobin nan kan canza, saboda haka tambayi bankinka tasa tun yau, tare da lambar kiran gaggawa da ke bayan katin ATM, ka rubuta a takarda. Wanda ya ajiye su a cikin wayar da za a sace bai ajiye komai ba. Kuma ka ƙirga duk inda layin yake: asusun albashi, na kasuwa, na manhaja, har wanda ka buɗe don karɓar wani tallafi ka manta da shi.

Bayan banki, kira 300 daga waya mai irin layinka. Ita ce lambar kula da masu hulɗa ta dukkan kamfanoni tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta daidaita lambobin a 2023. Ka ce a dakatar da layin, ka karɓi lambar ƙorafi ka rubuta. Sai imel: canza kalmar sirri, ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba, domin wanda ya riƙe imel ya riƙe hanyar dawo da sauran shafuka. Sannan a sanar a zauren dangi da na kasuwa cewa kada wanda ya tura kuɗi da sunanka.

Washegari da sassafe ka je ofishin kamfani da NIN ɗinka da kwalin layin. Idan kwalin ya ɓace, za a iya neman takardar rantsuwa ta kotu. Za a ɗauki hoton fuskarka ko zanen yatsa a gwada da abin da ke rajista.

Ana ta cewa a saka wa sim PIN. Yaya ake yi, kuma me ke lalacewa?

Wannan shi ne abu mafi amfani a duk shafin nan, ga shi kyauta. Idan sim na da PIN, duk wayar da aka saka shi, ko aka kashe aka kunna, sai an shigar da lambar kafin ya kama sabis. Ba kira, ba saƙo, ba USSD, wato lambobin da ake dannawa masu tauraro da alamar #.

A wayoyin Android irin su Tecno, Infinix, itel da Samsung, shiga saitin, ɓangaren tsaro, ka nemi inda aka rubuta SIM lock. A iPhone yana ƙarƙashin saitin layi da sunan SIM PIN. Ƙananan wayoyi masu madannai ma suna da shi a ɓangaren tsaro. Da ka kunna za a nemi PIN ɗin da sim ya zo da shi daga kamfani, wanda yawanci 0000 ne, ko 00000, ko 1111. Kada ka yi ta canke. Duba kwalin layin, ko ka kira 300 ka tambaya. Bayan ya kunnu, dole ka canza shi zuwa naka, lambobi 4 zuwa 8. Barin na kamfani daidai yake da rufe shago ka bar makulli a jikin kwaɗo.

Ga inda ake samun matsala. Kuskure sau 3 yana kulle sim, sai an kawo PUK, wata lamba mai guda 8 da ke jikin kwalin layi. Kuskuren PUK sau 10 kuma yana kashe sim ɗin har abada, sai walkam bak. Don haka idan ka yi kuskure sau biyu, tsaya ka nemo PUK kafin gwaji na uku. Kwalin kuma a ajiye shi gida cikin takardun fili da na makaranta, ba a jakar da waya take ba, tunda mai riƙe da PUK zai iya sa sabon PIN.

Kada PIN ɗin ya zama shekarar haihuwa, ko ƙarshen lambar wayar, ko irin na katin ATM. Sannan a san iyakarsa: yana hana mai satar waya, amma ba ya hana walkam bak na ƙarya, domin wancan sabon sim ne daban.

Me ɗan damfara ke buƙata kafin ya yi walkam bak da sunana?

Abin da kamfani ke tambayar mai layi na gaskiya: cikakken suna, ranar haihuwa, NIN, lambobin da ka fi kira, katin da ka saka na ƙarshe da lokacin da ka saka. Tilasta haɗa layi da NIN da aka fara a Disambar 2020, da duba fuska ko yatsa, sun ƙara wa aikin wuya ƙwarai. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa mai layin ne ke tsaga shi da bakinsa.

Kiran kan zo da ladabi. "Salamu alaikum, Alhaji, an wuni lafiya? Daga ofishin layi ne. An ba mu umarnin rufe duk layin da NIN ɗinsa bai hau daidai ba kafin ƙarfe huɗu. Don kada a rufe naka, kati na nawa ka saka na ƙarshe? Su wa ka fi kira, ko Hajiya ce?" Ya san sunanka, wataƙila har unguwarku, sai hankali ya kwanta. Sanin suna ba shaida ba ne: duk wanda ya fara tura kuɗi zuwa lambar asusunka zai ga cikakken sunanka kafin ya danna. Kamfani ba ya kiran mutum ya tambaye shi su wa yake kira, banki kuma ba ya neman OTP ko PIN ta waya. Kashe kiran. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, danna *996# ka duba matsayin NIN ɗin layinka da kanka.

Sauran wuraren da bayanai ke zuba su ne fom ɗin tallafi na bogi da ke yawo a WhatsApp yana neman BVN da NIN da ranar haihuwa, da kofen takardar NIN da ake bari a shagon hoto, da shafin Facebook da ya baje ranar haihuwa da lambar waya ga kowa.

Layina da sunan maigidana aka yi rajista. Akwai matsala?

Akwai, kuma babba ce. Wannan ya yi yawa a gidajenmu: miji ya saya wa mata, ɗa ya yi wa Inna da NIN ɗinsa, yaron shago na riƙe da layin da maigida ya yi rajista, ko an sayi layi mai rajista a bakin titi don gudun bin layi. A wurin kamfani, mai layi shi ne wanda NIN ɗinsa ke kai, ko da kin shekara goma kina amfani da shi.

Abu biyu ke biyo baya. Ranar da wayar ta ɓace, ba za ki iya dawo da layin da kanki ba sai da mai rajistar. Idan ya yi tafiya, ko ya rasu, ko zama ya ƙare, aiki ya cakuɗe. Na biyu ya fi muni: shi zai iya zuwa ya yi walkam bak a kan ƙa'ida, ba ƙarya ba ha'inci a takarda, alat da OTP na asusunki su koma wurinsa. Ba zargin kowa ake yi ba. Amma kuɗin adashi da na sana'ar cikin gida bai kamata su dogara da ɗorewar zumunci ba. Layin bakin titi kuwa ba a ma san wanda ke da shi ba.

Gyaran shi ne ku je ofishin kamfani tare a mayar da rajistar kan NIN ɗinki, ko ki sayi sabon layi da sunanki ki kai banki a canza lambar da ke kan asusu da kan BVN. Su biyun daban-daban ne, a tabbatar an gyara kowanne.

Mai cajin waya, mai gyara da mai POS fa?

Mafi yawansu neman halal suke yi. Sai dai ƙa'ida ba don mutumin kirki ake yin ta ba. Idan za ka bar waya a wurin caji ko gyara, cire sim ka tafi da abinka, ko aƙalla ka kashe wayar in sim na da PIN. A wurin POS, kai za ka danna lambarka, ka sa ɗaya hannun ka kare. Kada ka miƙa waya ka ce "yi min tiransifa" kana karanto PIN a gaban jama'a. Ka kuma saita wayar ta daina nuna abin da saƙo ya ƙunsa idan tana kulle, don OTP da ke leƙowa a fuskar waya ba ya buƙatar a buɗe ta.

An ƙwace WhatsApp ɗin wani alhali layinsa na hannunsa. Yaya aka yi?

Hanya mafi yawa ita ce shi da kansa ya karanto lambobi 6 da WhatsApp ya turo masa. Ana kira a ce za a yi taron zaure ta intanet, na tsofaffin ɗalibai ko na ƙungiyar 'yan kasuwa, "an turo maka lambar shiga, karanto min in sa sunanka." Lambar nan ta rajistar WhatsApp ɗinka ce a wata wayar.

Hanya ta biyu ita ce karkatar da kira. Ana sa mutum ya danna wata lamba da ta fara da **21* wai don ya sami kyautar data, alhali umarni ne na tura duk kiransa zuwa wata lamba. Sai ɓarawo ya nemi WhatsApp ya karanto lambar ta kiran murya. Danna *#21# ka ga ko ana karkatar da kiranka, ##002# kuma tana soke duk wani karkatarwa.

Kariyar ita ce tabbatarwa mai mataki biyu da ke cikin saitin asusu na WhatsApp: ka zaɓi PIN mai lambobi 6, ka haɗa da imel. Ka riƙa leƙa jerin na'urorin da aka haɗa, ka cire wadda ba ka sani ba. Idan an riga an ƙwace, sake rajista da lambarka. Da ka shigar da lambar da aka turo ta tes, an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa PIN ɗin, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje a tsawon lokacin.

Dangi kuma su riƙe wannan: saƙon "Yaya, don Allah turo min dubu ashirin ta wannan akawun, nawa ya samu matsala, zan maido da yamma" ba a amsa shi da kuɗi. A kira a ji murya.

In OTP ta saƙon tes ba ta da tabbas, da me zan maye gurbinta?

Ga imel, Facebook, Instagram da makamantansu, yi amfani da manhajar samar da lamba irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Lambar tana fitowa ne daga cikin wayar, tana canzawa duk daƙiƙa 30, ba ta bi ta layi, ba ta ma buƙatar sabis. Wanda ya ɗauke lambarka bai same ta ba. Sharaɗin shi ne ka ajiye lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa lokacin saitawa. Google na ba da guda 10, kowace sau ɗaya take aiki. Rubuta su a takarda, in ba haka ba ranar da wayar ta faɗa ruwa kai ma ka zama baƙo a shafinka. Bayan ka kunna wannan, duba ko za ka iya cire saƙon tes daga hanyoyin dawo da shafin, don ƙofar baya da aka bari a buɗe ta ɓata amfanin ta gaba.

Ga banki, nemi tokin, wato abin da ke fitar da lambar tabbatarwa, na ƙarfe da ake riƙewa a hannu ko na manhaja. Duk ɗan kasuwar da miliyoyi ke ratsa asusunsa ya kamata ya mallaki na hannu, ya ajiye shi nesa da wayar. Ka kuma sa a riƙa turo maka alat ta imel, don ko layi ya tafi ka ga abin da ke fita.

In rufe USSD ɗina gaba ɗaya?

Idan da manhaja kake aiki ba ka taɓa USSD, je banki ka ce a rufe shi a kan asusun. Kada ka ce ai ban taɓa buɗewa ba. Wanda ba a buɗe ba shi ne ɓarawo ke buɗewa ya zaɓi PIN ɗin da yake so. Idan kuwa ƙaramar waya gare ka, ko kana zuwa kasuwannin ƙauye irin Achida da Tangaza inda data ke wahala, bar shi amma a rage iyaka. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya (CBN) ta 2018 ta sa iyakar USSD a naira 100,000 a rana, ta kuma ce abin da ya haura naira 20,000 sai da ƙarin tabbaci. Kana da damar neman a sauke taka ƙasa da haka.

Tsarin da ya fi shi ne asusu biyu: na cefane mai USSD da kati da kuɗi kaɗan, da na ajiya wanda ba USSD, ba kati.

Ware layi na musamman don banki yana da amfani?

Yana da shi. Lambar da ke jikin allon shago da katin gayyata kowa ya san ta, ta banki kuwa ba mai buƙatar sani. Sa mata PIN, ka bar ta a ƙaramar waya a gida. Illarsa biyu: idan aka ɗauke layin ba za ka lura da wuri ba, don haka alat na imel ya zama dole. Kuma layin da aka manta a durowa mutuwa yake yi.

Wane lokaci ne kamfani ke sayar da layin da aka daina amfani da shi?

Bisa ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi wani abin da ke kawo wa kamfani kuɗi da shi ba ana iya dakatar da shi, in ya ƙara wasu wata 6 a haka mai shi na iya rasa lambar. Wannan ya shafi 'yan ci-rani, ɗaliban da ke karatu a waje, da masu daɗewa a Saudiyya ko Nijar. Saka kati ka yi kira ko ka tura saƙo duk bayan wata ɗaya ko biyu ya wadatar. Mai doguwar tafiya ya tambayi kamfaninsa tsarin biyan kuɗin riƙe lamba.

In kuma da gangan za ka bar layi, bi wannan jerin kafin ka yar: banki, BVN, NIN, asusun fansho, imel, Facebook, sannan WhatsApp ta hanyar canza lamba da ke cikin saitinsa. Haka idan mutum ya rasu, magada su sanar da bankinsa da wuri, kada a bar wayar mamaci tana yawo a hannun yara.

An riga an kwashe kuɗin. Ana dawo da su?

Wani lokaci, kuma sauri ne ke yanke hukunci. Idan ka kai rahoto kuɗin na zaune a asusun da aka tura su, bankinka zai iya neman ɗaya bankin ya riƙe su. Idan an rarraba su, an cire a POS ko an sayi kati, dawowarsu ta yi wuya.

Rubuta ƙorafi ga bankinka, a buga maka hatimin karɓa a kofe, a ba ka lambar bibiya. Karɓi bayanin asusu mai nuna lokaci da inda kowane kuɗi ya tafi. Idan walkam bak aka yi, nemi kamfanin waya ya ba ka rana da lokaci da wurin da aka yi shi a rubuce, domin wannan ce shaidar cewa ba da hannunka ba. Kai rahoto wurin 'yan sanda, EFCC ma tana da ofishin shiyya a nan Sakkwato, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta sojan gona da bayanan wani. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, kai ƙara sashen kare masu hulɗa na CBN. Ƙorafin da ya shafi kamfanin waya kuma a kira NCC kyauta ta 622, da lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ka tun farko.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: wanda ya karanto OTP ko PIN da bakinsa, hujjarsa ta fi rauni a kan wanda aka canza wa sim bai sani ba. Duk da haka a faɗi abin da ya faru yadda ya faru, don bayanan na'ura za su nuna. A kuma kiyayi masu zuwa daga baya su ce za su dawo da kuɗin in an ba su wani abu. Zagaye na biyu ne na damfarar.

Iyayena ba su yi boko ba. PIN da PUK za su rikita su. Me ya dace?

Kada a ɗora musu abin da ba za su iya ɗauka ba, amma kada a bar su haka. PIN na sim sai an kashe waya an kunna ake nemansa, don haka lambobi 4 da Baba zai riƙe sun isa, PUK kuma ya zauna wurin ɗa ɗaya amintacce, ba wurin duk yaran gida ba. A rufe USSD idan ba su amfani da shi, a sa alat na imel ya riƙa zuwa wurin wanda suka yarda da shi. A koya musu amsa guda ga duk mai kira da sunan banki ko kamfani ko tallafi: "Sai ɗana ya zo." A kashe.

Sannan a ɗauki takarda a rubuta lambar rufe asusu, da 300, da lambar wanda za a kira. In ajami suke karantawa, a rubuta bayanin da ajami, lambobin kuma manya-manya yadda suke a jikin madannan waya, da tauraro da alamar # a inda suke. A gwada musu sau ɗaya a wayar maƙwabci har zuwa inda ake neman lambar asusu, sai a soke kafin a tabbatar.